Gidan Shotlet: Yadda Za Ka Bi Da Baƙon Da Ya Karya Doka Ta Amfani Da Wayarka

 Darasinmu na yau ya shafi sana'ar da matasa da yawa suka shiga a 'yan shekarun nan, wato kula da gidajen hayar kwanaki da ake kira shotlet. Wani gidan nasa ne, wani na mahaifinsa ne, wani kuma an ɗauke shi ne kawai don ya iya waya, a ba shi kasonsa a ƙarshen wata. Ni ina cikin kashi na uku.

Kawuna ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya zuba giratutinsa a wani fulat mai ɗaki biyu a Gwarinpa, Abuja. Da ya ga ina rubuta manhaja sai ya ce, "Kai da kake kwana da kwamfuta, ka riƙe min harkar nan." Wata uku komai lafiya. Ran nan wani ya kama gidan na kwana uku, ya ce su biyu ne. A dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, maƙwabciyarmu ta kira kawu tana faɗa: mutum sun fi ashirin a gidan, ana bikin zagayowar ranar haihuwa, kiɗa har ƙasan bene, ga mahaifiyarta kwance ba lafiya. Na kira baƙon raina a ɓace, na ɗaga murya, shi ma ya ɗaga, ya kashe wayar.

Ranar da ya tafi muka tarar da gilashin talabijin a tsage, kujera da ƙunar sigari. Na ce zan riƙe kuɗin ajiyarsa. Sai ya yi min tambaya biyu: "A ina ka rubuta min cewa ba a biki? Ina hoton talabijin ɗin kafin in shigo?" Ba ni da amsar ko ɗaya. A waya na faɗa masa dokar da baki, hoto kuma ban ɗauka ba. Muka mayar masa da kuɗinsa, kawu ya sayi talabijin daga aljihunsa, kwamitin rukunin gidajen kuma ya rubuto cewa idan aka sake, za su hana mu sauke baƙi gaba ɗaya. Kawu bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To, yanzu ka koya?" Abin da na koya daga ranar zuwa yau shi zan zayyana maka, mataki-mataki.

Da farko, ta ina baƙon ya zo?

Wannan ita ce tambayar farko, domin ita ke nuna wa zai shiga tsakaninku idan rigima ta tashi.

Hanya ta farko ita ce manhajoji irin su Airbnb da Booking.com. An kafa Airbnb a shekarar 2008 a birnin San Faransisko na Amurka, kuma yana da nasa dokokin da suka hau kan mai gida da baƙo duka. Misali, a watan Agustan 2020 ya hana yin fati a gidajen da ke kan manhajar na wucin gadi, sannan a watan Yunin 2022 ya mayar da hanin na dindindin. Idan baƙonka ta nan ya zo, kana da alƙali, amma alƙali ne da ba ya duba komai sai abin da ke rubuce.

Hanya ta biyu, wadda ta fi yawa a nan gida, ita ce baƙo ya gan ka a Instagram ko TikTok, ko dillali ya haɗa ku, ku ƙarasa magana a WhatsApp, ya turo kuɗi ta banki. A nan babu kamfanin da zai shiga tsakani. Kai ne mai gida, kai ne mai ajiye hujja. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa ya fi zama dole a kanka.

Mataki na 1: Rubuta dokar, kuma ka sa ya amince a rubuce

Dokar da aka faɗa da baki, ranar rigima babu ita. Ka rubuta, kuma ka rubuta yadda za a iya aunawa. Mu masu rubuta manhaja mun san cewa kwamfuta ba ta gane "kaɗan" ko "da yawa", sai ka ba ta lamba. Haka dokar gida take. "A rage hayaniya" ba doka ba ce, domin kowa da abin da yake kira hayaniya. "Ba kiɗa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe" doka ce.

Ga irin wadda muke amfani da ita yanzu:

1. Mutum 4 ne iyakar masu kwana. Masu ziyara kada su wuce 3, kuma su tafi kafin ƙarfe 10 na dare.
2. Ba biki, ba fati, ba taro kowane iri.
3. Ba kiɗa ko hayaniya daga 10 na dare zuwa 7 na safe.
4. Ba shan sigari ko shisha a cikin gida. Wanda ya sha zai biya kuɗin wanke labule da kujeru.
5. Ba ɗaukar fim, waƙa ko talla sai da izini a rubuce.
6. A kashe na'urar sanyaya ɗaki idan za a fita. Idan aka koma kan inbata, ba a kunna dutsen guga ko hita.
7. Lokacin fita ƙarfe 12 na rana.
8. Akwai kyamara ɗaya a ƙofar waje da na'urar auna ƙara a falo. Babu kyamara a cikin gida.

Ka lura guda takwas ne kacal. Idan ka jera talatin, ba mai karantawa. Ka kuma duba dokar garin da gidan yake. A Kano, alal misali, dokar jiha ta hana giya, saboda haka gara baƙon da ya zo daga nesa ya gani a rubuce tun kafin ya biya. Amma ka kafa dokarka a kan aiki, ba a kan mutum ba. Airbnb yana da ƙa'idar hana wariya, kuma ƙin karɓar mutum saboda ƙabilarsa ko addininsa na iya sa a rufe maka asusu.

Yadda za ka saka dokar:

- A Airbnb, shiga shafin gidanka, ka nemi sashen House rules. Akwai zaɓuɓɓukan da aka tanada kamar yawan baƙi, lokacin shiru, shan taba da ɗaukar hoton kasuwanci, sai kuma wurin rubuta ƙarin dokoki. Baƙo yana amincewa da su ne kafin ya kama gidan. Dokar da ka manna a bangon falo kawai, ba ka sa ta a manhaja ba, da wuya kamfanin ya tsaya maka a kanta.
- Idan ta WhatsApp ne, buɗe fom kyauta a Google Forms. Ka sa suna, lambar waya, yawan masu kwana, ranar shiga da fita, sai dokokin, sai akwatin "Na karanta kuma na amince" wanda ka mayar dole. Amfanin fom ɗin shi ne da kansa yake rubuta rana da lokacin da aka cike shi. Kada ka tura lambar asusun banki sai ya cike.
- Idan kana amfani da WhatsApp Business, ajiye dokokin a cikin amsoshin gaggawa. Da ka danna alamar / za su fito, ba sai ka sake rubutawa kullum ba.

Mataki na 2: Tara hujja kafin baƙo ya shigo

Gani ya kori ji. Bayan an gama shara, kafin ka ba da lambar ƙofa, ɗauki bidiyo guda ɗaya ba tare da yankewa ba, na minti uku zuwa biyar. Fara daga mita, ka nuna yunit nawa ya rage. Shiga falo, kunna talabijin a ga allon lafiya lau, nuna kujeru ta sama da gefe, labule, firji, kwanuka, katifa, famfo da madubin banɗaki. Ka riƙa faɗin rana da lokaci da bakinka.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Duk hoton da wayarka ta ɗauka yana ɗauke da ɓoyayyen bayani: rana, lokaci, irin wayar, har da wurin idan ka kunna GPS a kyamara. Amma idan ka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ta cire wannan bayani. In kana so ya isa da bayanansa, danna alamar maƙala fayil, ka zaɓi Document, ka tura shi a haka.

Sai ka yi abu biyu. Ɗora bidiyon a Google Drive nan take, a jaka mai sunan baƙon da ranar, domin Drive yana nuna lokacin da aka ɗora fayil. Sannan ka tura wa baƙon da kansa, ka ce, "Ga yadda gidan yake a yau. Idan ka ga wata matsala da ban nuna ba, ka sanar da ni cikin awa biyu da shigarka." Wannan saƙo yana kare ku duka biyu. Baƙo mai gaskiya yana jin daɗinsa, domin ba za a ɗora masa ɓarnar wani ba.

Ka kuma duba saitin hirar. Idan an kunna saƙonni masu ɓacewa, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, ka kashe. Baƙo yana iya goge saƙonsa daga wayarka har bayan kusan kwana biyu, don haka duk maganar da ta shafi kuɗi ko yawan mutane, ka ɗauki hoton allo da zarar ta shigo.

Mataki na 3: Na'urorin da za su zama idonka

*Makullin zamani.* Wannan shi ne abu na farko da zan ce ka saya. Irin waɗanda suka cika kasuwa suna aiki da manhajar TTLock ko Tuya. Kana ba kowane baƙo lambarsa, wadda za ta fara aiki ranar shiga, ta mutu ranar fita. Wani zai tambaya, yaya makulli zai san lambar alhali babu intanet a gidan? Amsar ita ce makullin da manhajar suna da wani sirri da suka yi tarayya a kai, kuma kowanne yana da agogo. Manhajar tana haɗa sirrin da lokacin ta fitar da lamba, makullin kuma ya yi lissafin a cikinsa ya tabbatar. Shi ya sa idan agogon makullin ya kauce, lamba mai kyau ma sai ta ƙi buɗewa. Duk lokacin da ka canza batir, tsaya kusa da ƙofar ka daidaita agogon ta Bluetooth. Idan kana so ka ga wa ya buɗe da ƙarfe nawa daga nesa, sai ka ƙara 'yar na'urar da ke haɗa makullin da Wi-Fi. Ka ajiye makullin ƙarfe na gaggawa a hannun wanda ka yarda da shi a kusa.

*Na'urar auna ƙara.* Akwai irin su Minut da NoiseAware. Ba sa naɗar magana, ƙarfin sauti kawai suke aunawa da ma'aunin desibel. Hirar mutane ta yau da kullum tana kai desibel 60 ko kusa da haka, kuma duk ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar ƙarar ta ninka. Ni na saita tamu ta turo min saƙo idan ƙara ta wuce 75 har tsawon minti goma. Sharaɗin minti goman yana da muhimmanci, don kada faɗuwar tukunya ko kukan yaro su tashe ka. Kada ka maƙala ta kusa da tagar da ke kallon janareta, in ba haka ba duk ɗauke wuta sai ta yi maka ƙarya. Airbnb ya yarda da ita a falo da makamantansa, ban da ɗakin kwana da banɗaki, kuma dole ka bayyana cewa akwai ta.

*Kyamara.* A nan ka buɗe kunne. Daga ranar 30 ga Afrilun 2024, Airbnb ya haramta kyamara a cikin gida gaba ɗaya, ko a falo ce, ko a kashe take. Ta waje, kamar ta bakin ƙofa, an yarda da ita idan ka faɗi inda take tun kafin a kama gidan. Ko da ba ka kan Airbnb, ka bi wannan ƙa'ida. Leƙen mutum a inda yake kwana cin amana ne, kuma ranar da aka gano, karya dokar baƙon za ta zama ƙaramin abu a kan naka laifin. Kyamarar ƙofa ta isa ta nuna maka mutum nawa suka shiga.

*Mita.* Ba sai ka sayi komai ba, lissafi kawai za ka yi. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin kusan yunit 1.2 a awa idan tana aiki ba hutawa. Guda biyu, a bar su kunne da ƙofa a buɗe awa 24, sun cinye kusan yunit 58. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, kusan naira 13,000 ke nan a rana ɗaya. Don haka ka rubuta yunit nawa ke cikin kuɗin haya a kowace rana, abin da ya haura baƙo ya saya. Hoton mita ranar shiga da ranar fita ya kashe gardama.

Mataki na 4: An karya dokar, sai me?

Ga tsarin da nake bi, kuma ba na tsallake ko ɗaya sai in akwai haɗari.

*Na ɗaya, tabbatar.* Maƙwabci na iya kuskuren gida, na'ura na iya ruɗewa. Duba kyamarar ƙofa, duba ma'aunin ƙara, tambayi maigadi. Ɗauki hoton allo na duk abin da ka gani tare da lokacinsa.

*Na biyu, auna girman laifin.* Na kasa su uku. Ƙarami: ya makara da fita da awa ɗaya, ya bar kwanuka, ya manta fitila a kunne. Wannan ka kau da kai ko ka tuna masa a hankali. Matsakaici: ƙarin masu kwana, sigari, kiɗa bayan goma. Wannan yana buƙatar saƙo nan take. Babba: fati, faɗa, makami, ƙwaya, barazana ga maƙwabta. Wannan ya wuce saƙo kaɗai.

*Na uku, rubuta, kada ka fara da kira.* Kuskurena na farko ke nan. Kira ba ya barin hujja, kuma murya tana ɗaukar zafi da sauri. Magana zarar bunu ce, amma rubutu kana iya karanta shi sau biyu kafin ka tura. Idan ta Airbnb baƙon ya zo, ka rubuta a cikin manhajar, ko da kuna hira a WhatsApp, domin hirar cikin manhaja ita ma'aikatansu ke gani. Saƙon farko ya ƙunshi abu uku: abin da ya faru, dokar da ya shafa, da abin da kake so a yi. Misali:

"Barka da dare Alhaji. Na'urar auna ƙara ta nuna sauti ya yi sama tun ƙarfe 10:40. Kamar yadda yake a doka ta 3, lokacin shiru ya fara daga 10. Don Allah a rage, akwai dattijuwa marar lafiya a ƙasa. Na gode."

Babu zagi, babu zargi, babu "na san irinku". A abin da na gani, yawancin mutane a nan suke tsayawa. Watanni kaɗan bayan waccan rigima, wasu 'yan biki da suka zo daga Kaduna sun ɗaga sautin talabijin suna kallon ƙwallo. Na tura saƙo irin wannan, cikin minti biyar aka yi tsit, da safe babbar yayarsu ta sauka ta gaida maƙwabciyarmu. Sun sake sauka a gidan sau biyu.

*Na huɗu, gargaɗi mai wa'adi.* Idan minti ashirin ta wuce ba canji, sai ka kira, ka yi magana a natse, sannan ka bi kiran da rubutu:

"Kamar yadda muka yi magana yanzu da ƙarfe 11:05, akwai mutum 14 a gidan, alhali 4 aka amince. Muna roƙon masu ziyara su tafi kafin 11:45. Idan ba haka ba, za mu kawo ƙarshen zaman kamar yadda yarjejeniya ta tanada."

Kada ka yi barazanar abin da ba za ka iya aikatawa ba, kuma kada ka ƙirƙiri tarar da ba ta cikin dokar da ya amince da ita.

*Na biyar, kawo ƙarshen zaman.* Idan a Airbnb ne, kada ka danna soke zaman da kanka cikin fushi, domin sokewar mai gida tana jawo tara da rufe ranakun a kalandarka. Tuntuɓi sashen taimakonsu, ka tura hujjojinka, su soke ta ɓangarensu. Booking.com ma yana da wurin kai rahoton rashin ɗa'ar baƙo a shafin masu gida. Idan baƙon kai tsaye ne, je da rana in zai yiwu, tare da jami'in tsaron rukunin gidajen ko wani babba. Kada ka je kai kaɗai tsakar dare ka tsaya gaban mutum ashirin. Idan akwai makami, faɗa ko wani ya ji rauni, kira 112 ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka tsaya a waje. Talabijin ana sayen wani.

Abubuwa huɗu da ba za ka yi ba

Fasaha tana ba ka ƙarfi a tafin hannu, kuma a nan matasa ke zamewa.

1. Kada ka kashe lambar ƙofa alhali kayan mutum na ciki, ko yana waje da dare da iyalinsa. Wanda ya zo a mai laifi sai ya koma mai ƙara.
2. Kada ka yanke wuta ko ruwa daga nesa don horo. Ba ka san ko akwai jariri ko mai ajiye magani a firji ba.
3. Kada ka riƙe waya, mota ko jakar baƙo a madadin kuɗi.
4. Kada ka watsa hotonsa ko katin shaidarsa a Facebook ko a guruf. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa mai karɓar bayanan mutane nauyin amfani da su a kan dalilin da aka karɓa kawai. Katin da ka karɓa don tantancewa ba na tozartawa ba ne. Ka adana shi a jakar da ke da kalmar sirri, ka goge idan buƙatarsa ta wuce.

Mataki na 5: Yadda za ka karɓi diyya

Da baƙo ya fita, kafin mai shara ta taɓa komai, sake ɗaukar bidiyo ta hanyar da ka bi da farko. Ɗauki hoton ɓarnar daga nesa da kusa. Nemo rasit ɗin kayan, ko ka sa mai gyara ya rubuta maka kiyasi a takarda mai lambar wayarsa.

A Airbnb, shiga Resolution Center ka nemi baƙon ya biya, ka haɗa hotuna da rasit. Dole ka yi haka cikin kwana 14 da fitarsa. Idan ya ƙi ko ya yi shiru, sai ka miƙa batun ga kamfanin ƙarƙashin tsarin AirCover, wanda ke da kariyar ɓarna har ta dala miliyan 3. Kada wannan adadi ya ruɗe ka. Abin da ka iya tabbatarwa shi ake biya, kuma tsufan kaya na yau da kullum ba ya ciki. Ka sani kuma, yawancin masu gida a Airbnb ba a yarda su karɓi kuɗin ajiya a bayan fage ba. Idan ka ja baƙo waje da manhaja don gudun kason kamfani, ka fita daga inuwarsu.

Ga baƙon kai tsaye, kuɗin ajiya shi ne kariyarka. Ka rubuta nawa ne, me zai sa a cire, da ranar da za ka mayar, misali cikin awa 24 da fita. Kafin ka ba da lambar ƙofa, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka, kada ka dogara da saƙon tes ko hoton rasit, domin alat na bogi ya yi yawa. Idan za ka cire wani abu, tura lissafi dalla-dalla: ajiya naira 50,000, wankin labule da kujera naira 18,000, ga rasit, ga ragowar naira 32,000 na tura. Kada ka riƙe duka don ka huce haushi. Mai gidan da ya yi suna da cin kuɗin ajiya, labarinsa yana riga shi isa wurin baƙi.

Mataki na 6: Sharhi da gyara

A Airbnb ku duka kuna da kwana 14 ku rubuta sharhi, kuma ba mai ganin na wani sai kowa ya rubuta ko wa'adin ya cika. Rubuta abin da ya faru kawai: "An amince da mutum 4, an kwana 9. An yi kiɗa bayan lokacin shiru, an daina bayan gargaɗi na biyu." Wannan ya ishi mai gida na gaba. Idan baƙo ya rama da mummunan sharhi don ka nemi diyya, kana iya neman a cire shi, kuma hirar da ka yi a cikin manhaja ita ce za ta tsaya maka.

Bayan kowace matsala, ka tambayi kanka abin da mai manhaja ke tambaya idan shirinsa ya faɗi: ta ina ɓarakar ta shigo? Ni ina da shafi a Google Sheets mai layi huɗu: rana, abin da ya faru, abin da na yi, abin da zan canza. Daga nan na gane cewa kusan duk rigimarmu daga masu kama dare ɗaya na ƙarshen mako take fitowa. Na mayar da mafi ƙarancin zama kwana biyu a Juma'a da Asabar, matsalar ta ragu sosai.

Abu na ƙarshe ba na'ura ba ne. Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya na ba su lambata, na ce kada su jira abu ya yi tsanani, kuma kada su tashi kawu, ni za su kira. Maƙwabciyar da ta yi mana faɗa a daren nan, yanzu ita ke fara sanar da ni idan ta ga baƙuwar fuska ta yi yawa a bene. Kwamitin bai sake rubuto mana ba.

Hausawa na cewa baƙonka annabinka, kuma yawancin waɗanda za su sauka a gidanka mutanen kirki ne da suka zo biki, jinya ko aiki. Tsarin nan ba don ka tsangwame su ba ne. Don ranar da ɗaya ya kauce ne, ka samu abin nunawa ba tare da ɗaga murya ba. Idan ba ka da kuɗin na'ura yanzu, fara da abu biyu da ba sa cin ko kwabo: fom ɗin amincewa da bidiyon kafin shiga. Ka yi su kafin baƙonka na gaba.

A darasi mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ga yadda ake haɗa Google Forms da Google Sheets ta yadda saƙon maraba da dokokin gida za su riƙa tafiya ga baƙo da kansu. Sai mun haɗu.